Rabon Aiki da Sauyin Sauti a Kiɗan Ƙungiyar Radiohead, 1992–2016

Tsakure

Yawancin rubuce-rubucen da aka yi a kan ƙungiyar Radiohead ta ƙasar Ingila suna raba tarihinta gida biyu: zamanin jita, wanda ya ƙare da albam ɗin OK Computer na 1997, da zamanin na'ura, wanda ya fara da Kid A a 2000. Wannan maƙala tana ganin rabon bai yi daidai da abin da kunne ke ji a faya-fayan ba. Ta hanyar bin diddigin yadda aka ɗauki wasu waƙoƙi, da tsawon shekarun da wasu suka yi kafin a sake su, maƙalar ta nuna cewa tushen sauyin shi ne yadda makaɗan biyar suka riƙa sake raba aiki a tsakaninsu, kuma shigowar na'ura reshe ne na wannan. An kuma auna suka uku da ake iya yi wa wannan fahimta.

Gabatarwa

Reshen kiɗan rok da ake kira altanatif ya girma ne a shekarun 1980 a hannun ƙananan kamfanonin faifai da gidajen rediyon jami'o'i, nesa da babbar kasuwa. Fitowar Nevermind na ƙungiyar Nirvana a 1991 ita ta buɗe masa ƙofar wannan kasuwa, manyan kamfanoni suka bazama neman samari masu jita da waƙoƙin ƙunci. A wannan shekara kamfanin EMI ya ƙulla yarjejeniyar albam shida da wasu matasa biyar da suka haɗu a makarantar Abingdon da ke yankin Oxfordshire tun 1985: Thom Yorke mai waƙa, Jonny Greenwood da Ed O'Brien masu jita, Colin Greenwood mai jitar bes, da Philip Selway mai ganguna. Da suna On a Friday suke wasa, sai suka koma Radiohead, sunan da suka ɗauko daga wata waƙar ƙungiyar Talking Heads. Daga wancan lokaci zuwa 2016 sun saki albam tara, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya fita, ba wanda aka shigo da shi a matsayin cikakken ɗan ƙungiya. Wannan batu ne da ake ambata a wuce, alhali a nawa ganin shi ne mabuɗin nazarin. Ƙungiyoyi da yawa sukan sauya sauti ne idan sun sauya mutane. Idan mutane biyar ɗin nan dai su ne suka yi Pablo Honey a 1993 kuma suka yi A Moon Shaped Pool a 2016, da furodusa guda, Nigel Godrich, tun daga albam na uku, to tambayar da ta dace ita ce me kowannensu ya daina yi, kuma me ya fara yi.

Daga Pablo Honey zuwa OK Computer

Waƙar "Creep" ta 1992 ba ta yi kasuwa a Birtaniya a fitowarta ta farko ba. Sai da gidajen rediyo a Isra'ila da San Francisco suka ɗauke ta, aka sake sakinta a 1993, ta kai mataki na 7 a jadawalin Birtaniya. Gininta mai sauƙi ne ƙwarai. Kod huɗu ne, wato haɗin sautukan da ake taɓawa lokaci guda, suke zagayawa daga farko har ƙarshe, kuma a kansu ɗiyan waƙar da amshinta suke hawa. Abin da ya raba amshi da baiti shi ne ƙarfin sauti, kuma abin da ke shelar zuwan amshin shi ne wata muguwar karta da Jonny Greenwood ke yi wa jitarsa, gajeriya, busasshiya, wadda ba ta da rauji ko kaɗan. Labarin da 'yan ƙungiyar suka bayar shi ne waƙar ta yi wa Jonny laushi da yawa, ya yi kartar don ya ɓata ta, furodusoshi suka ga ita ce ran waƙar suka bar ta. Wannan ɗan labari ya nuna cewa tun ranar farko sautin da ya bambanta Radiohead ya fito ne daga ja-in-ja tsakanin mai tsara waƙa da wani makaɗi. Sai dai a lokacin kowa na tsare a gurbinsa. Jonny ya yi tawayensa da jita ne domin ita ce babban gurbinsa. A sauran waƙoƙin Pablo Honey ma, masu jita uku sukan buga kusan abu ɗaya a lokaci ɗaya, sautin ya cika kunne amma ba shi da zurfi.

A The Bends na 1995, wanda John Leckie ya yi furodusansa, aka yi rabon farko. Yorke ya riƙe jitar da ke ɗauke da kari, Jonny ya riƙe wadda ke yanka rauji, O'Brien kuma ya koma ƙera amon da ke shimfiɗe a baya, irin wanda mai sauraro ba ya lura da shi sai an cire. Masu cewa na'ura ta shigo ne a 2000 suna tsallake waƙar farko ta wannan albam, "Planet Telex", wadda aka gina a kan guntun kiɗan ganga da aka yanko daga wata waƙarsu aka riƙa maimaitawa. Haka nan waƙar farko ta OK Computer, "Airbag": an ɗauki 'yan daƙiƙoƙi na kiɗan Selway, aka sassaƙa su a kwamfuta bisa koyi da salon DJ Shadow, jitar bes kuma tana shiga tana fita da dogayen gibi a tsakani. Ma'anar wannan ita ce tun a 1997 Selway ya yarda kiɗansa ya zama ɗanyen kaya da wani zai yanka ya ɗinke, Colin kuma ya yarda yin shiru ya zama wani ɓangare na aikinsa. A "Climbing Up the Walls" Jonny ya ajiye matsayin gwanin jita ya rubuta kiɗa don goge goma sha shida, kowanne ya ɗan karkace daga ɗan'uwansa, bisa tasirin Krzysztof Penderecki na Poland. An ɗauki mafi yawan albam ɗin a wani tsohon gida mai suna St Catherine's Court kusa da Bath, da kayan ɗaukar sauti na ƙungiyar kanta, abin da ya raba su da agogon situdiyon haya. OK Computer ya ci kyautar Grammy a 1998, kuma har yau ana kiransa ƙololuwar zamanin jita, amma duk irin da ya tsiro a Kid A an riga an shuka shi a cikinsa.

Ɗakin ɗaukar sauti, 1999–2000

Yawon wasannin da ya biyo bayan OK Computer ya gajiyar da ƙungiyar, kamar yadda fim ɗin Grant Gee, Meeting People Is Easy na 1998, ya nuna. Yorke ya kasa rubuta waƙa da jita, ya koma sauraron masu kiɗan na'ura na kamfanin Warp, irin su Aphex Twin da Autechre. An fara aiki a Faris a Janairun 1999, aka wuce Copenhagen, aka dawo Gloucestershire, sannan sabon situdiyonsu a Oxfordshire, ba a kammala ba sai Afrilun 2000. Watanni da dama sun wuce ba a gama waƙa ɗaya ba, kuma dalilin bai shafi ƙarancin kayan aiki ba. Matsalar ita ce idan waƙa ba ta buƙatar ganga, me mai ganga zai yi? O'Brien ya bayyana daga baya cewa sai da kowannensu ya koyi yadda zai kasance cikin waƙa ba tare da ya buga ko sauti ɗaya ba, kuma abin ya ba su tsoro. Godrich ya taɓa raba su gida biyu, kashi ɗaya ya ƙirƙiro sauti ba tare da taɓa jita ko ganga ba, ɗaya kashin ya gina wani abu a kansa. Wannan darasi ne na rushe gurbi, kuma shi ne ainihin abin da ya faru a wannan shekara da 'yan watanni.

"Idioteque" ta isa misali. Jonny ya yi kusan minti hamsin yana gwaji da wata na'urar sintesaiza mai haɗe-haɗen wayoyi, yana cusa gutsattsarin tsofaffin faya-fayai a ciki. Ya miƙa wa Yorke, shi kuma ya tsinci wani ɗan yanki da bai kai minti ɗaya ba ya gina waƙa a kansa. A cikin yankin akwai kod huɗu da aka yanko daga Mild und Leise, aikin da Paul Lansky ya tsara da babbar kwamfuta a Jami'ar Princeton a 1973. Kod huɗun nan su ke zagayawa a ƙarƙashin muryar Yorke kusan duk tsawon waƙar. A nan ya kamata mai nazari ya ajiye "Creep" kusa da ita: dukansu kod huɗu ne masu zagaye, dukansu an ɗora musu murya mai hawa sama cikin firgici, dukansu kuma suna ɗauke da wani abu da Jonny ya jefo wa Yorke. Abin da ya bambanta su shi ne tsarin aiki. A 1992 mawaƙi ya kawo waƙa, mai jita ya yi mata ado. A 2000 mai jita ya kawo ƙasar gini, mawaƙi ya zaɓi inda zai kafa tubali. Irin wannan juyi ya bazu cikin albam ɗin. "Treefingers", wadda ba ta da murya kuma take kama da aikin sintesaiza, jitar O'Brien ce aka ɗauka aka miƙe ta a kwamfuta. A "The National Anthem" Yorke ne ya buga bes, da wani kari da ya ƙirƙira tun yana ɗan makaranta, masu busa kuma suka yi hargitsi irin na Charles Mingus. Jonny ya ɗauko ondes Martenot, na'urar kiɗa ta lantarki da aka ƙera a Faransa a 1928, wadda ya sani ta ayyukan Olivier Messiaen.

Mai karatu da ya san yadda fiyano ya shigo situdiyoyin Kano zai ga bambancin nan take. A can mutum ɗaya da fiyanonsa yakan wadatar da abin da a da sai an tara masu kalangu da ganga da busa, na'ura ta rage hannaye. A Radiohead na'ura ba ta sallami kowa ba, kuma shaidar hakan tana kan dandamali. A albam ɗin wasan kai-tsaye na 2001, I Might Be Wrong, Selway yana buga gangunansa a kan kiɗan na'urar "Idioteque", Jonny yana kama muryar Yorke da wata ƙaramar na'ura yana yayyanka ta a gaban jama'a a "Everything in Its Right Place", sannan "Like Spinning Plates", wadda aka gina ta hanyar juya faifan wata waƙa baya, ta zama waƙar fiyano da murya. Kid A ya fito a Oktoban 2000 ba tare da an saki waƙa guda don rediyo ba, ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Amnesiac na 2001 daga zaman aiki ɗaya suka fito.

Waƙoƙin da suka jira

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta waƙoƙin da aka rubuta a wani zamani aka sake su a wani. Da a ce akwai katanga tsakanin Radiohead ta jita da Radiohead ta na'ura, da waƙoƙin farko ba su tsallaka ba. "Motion Picture Soundtrack", wadda ta rufe Kid A, an rubuta ta kafin "Creep". "Nude" ta fara fitowa a wasanni a 1998, an gwada ɗaukarta sau da yawa ba ta zauna ba, sai da Colin Greenwood ya ƙirƙiro mata sabon layin bes mai tafiya a hankali, sannan ta shiga In Rainbows a 2007. Kalmominta da raujinta ba su yi nisa da na farko ba. Abin da ta rasa shekara tara shi ne wanda zai ɗauki nauyinta, kuma ya zama mai bes ne, mutumin da a tsohon tsari aikinsa bin sawun kod. "True Love Waits" ta fi daɗewa. An fara rera ta da jita a 1995, aka gwada ta a zamanin OK Computer da na Kid A, har wani yunƙurin ya rikiɗe ya zama "Pulk/Pull Revolving Doors", ɗaya daga cikin waƙoƙin Amnesiac mafi nisa daga kiɗan rok. Ba a sami sigar situdiyo ba sai 2016, inda aka kwance ta daga jita aka ɗora ta a kan layukan fiyano da ke saɓa wa juna. Waƙa ɗaya ta haifi kiɗan na'ura tsantsa kuma ta haifi waƙar fiyano, abin da ke nuna cewa a wurin wannan ƙungiya waƙa daban take da tufarta, kuma ba a yanke tufar sai an amince wa zai ɗinka.

Suka uku

Suka ta farko ita ce Radiohead ba ta ƙirƙiri komai ba, aro ta yi daga Warp da ƙungiyar Can ta Jamus da mawaƙan jaz, ta sayar wa masu sauraron rok da ba su san asalin ba. Aron gaskiya ne, su kansu ba su ɓoye shi ba, kuma sunan Lansky yana rubuce a jikin albam. Amma sukar tana auna ƙungiyar da ma'aunin da ba nata ba. Autechre mutum biyu ne da na'urori, ba su da mai ganga da za a nema wa aiki, ba su da waƙa mai baiti da za a kare. Brad Osborn, a littafinsa na nazarin kiɗan Radiohead, ya nuna cewa ƙarfin waƙoƙin yana tsakanin abin da kunne ya saba da abin da ke ba shi mamaki, ba sa zarcewa ɗaya gefen gaba ɗaya. Ina ƙara da cewa wannan tsaka-tsaki ba dabarar mutum ɗaya ba ce. Sakamako ne na zaman mutum biyar da dole kowa ya sami inda zai sa hannu, har wanda ya fi son waƙa mai minti uku da jita, kamar yadda O'Brien ya so a farkon aikin Kid A.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa babu wani rabon aiki, Yorke ne ya juya akalar, sauran suka bi don kada ƙungiya ta watse. Shi da kansa ya taɓa kwatanta ƙungiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce shi ne Amurka a cikinta. Game da 1999 wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin shi ya ƙi jita, sauran suka sha wahalar bin sa. Amma akwai hanyar gwada ta. A 2006 Yorke ya saki The Eraser shi kaɗai, da Godrich da kwamfuta. Albam ne mai kyau, sai dai faɗinsa kaɗan ne, kari ɗaya na kama hanya ya tafi har ƙarshe. Shekara guda bayan haka In Rainbows ya fito, kuma abin da ake tunawa da shi a ciki na sauran ne: jitoci masu saƙa da juna a "Weird Fishes/Arpeggi", gangunan Selway da ke karɓar kari mai bugu biyar daga hannun na'ura a "15 Step", bes ɗin Colin a "Nude". Idan Yorke ne kaɗai tushen sautin, da bambancin faya-fayan biyu bai kai haka ba. Ga kuma al'adarsu ta rubuta sunan ƙungiya gaba ɗaya a matsayin mai kowace waƙa, wadda ta sa makaɗi bai yi asarar komai ba idan ya ajiye kayansa a wata waƙa. Ƙungiyar da ke biyan kowa gwargwadon abin da ya buga ba za ta iya roƙon mai ganga ya yi shiru ba.

Suka ta uku ta shafi dukiya. Yaran makarantar kuɗi ne, "Creep" da OK Computer sun tara musu abin da zai ishe su yin wata goma sha biyar suna gwaji, kuma da suka rabu da EMI bayan Hail to the Thief na 2003, sunan da kamfanin ya gina musu ne ya ba su damar sakin In Rainbows a intanet ranar 10 ga Oktoba 2007, kowa ya biya abin da ya ga dama. Mawaƙa da dama sun koka cewa ƙaramin mai waƙa ba zai iya wannan ba, kuma sun yi gaskiya. Na yarda cewa ba don kuɗi ba da Kid A bai samu ba. Amma kuɗi sharaɗi ne, bai isa ya zama dalili ba. A shekarar da OK Computer ya fito, Oasis, wadda ta fi su kasuwa a lokacin, ta saki Be Here Now, inda aka kashe lokaci da dukiya wajen jibga jita a kan jita, kowa yana nan a gurbinsa na da. Dama iri ɗaya ta haifi abu biyu mabambanta, kuma abin da ya raba su shi ne shirin sake zama a raba aiki.

Akwai wurin da tsarin ya yi rauni, kuma raunin yana goyon bayan wannan fahimta. A The King of Limbs na 2011, mai waƙa takwas cikin kusan minti 37, an gina kiɗan ne ta hanyar ɗaukar guntaye ana maimaita su da wata manhaja da Jonny ya rubuta. Kusan kowa ya koma yin aiki iri ɗaya, wato ciyar da na'ura, kuma a rabin farko na albam ɗin da wuya kunne ya gane hannun wani daga na wani. Ja-in-jar da ke ba kiɗansu rai ta yi sanyi. Da suka tashi yin waƙoƙin kai-tsaye sai da suka gayyato mai ganga na biyu, Clive Deamer, aka raba karin tsakaninsa da Selway, kuma a sigar da suka ɗauka a shirin From the Basement waƙoƙi irin su "Bloom" sun sami nauyin da ba su da shi a faifai. A Moon Shaped Pool ya dawo da bambancin gurabe ta wata hanya: Jonny, wanda ya riga ya ƙware a kiɗan fim tun There Will Be Blood na 2007, ya ba masu gogen London Contemporary Orchestra aikin da a da jita ke yi, har a "Burn the Witch" suna dukan tsirkiya maimakon goga ta, su ne ke riƙe da karin waƙar. Tun 2021 Yorke da Jonny suna da wata ƙungiya, The Smile, tare da mai ganga Tom Skinner, kuma Godrich ne furodusan albam ɗinsu na farko, A Light for Attracting Attention, a 2022. Murya ɗaya ce, mai tsara goge ɗaya ne, amma babu shimfiɗar O'Brien a baya, babu gibin da Colin ke bari a bes. Mai son auna gudummawar waɗannan biyu da ta Selway zai iya jera A Light for Attracting Attention da In Rainbows, waƙa bayan waƙa, ya lissafa abin da ya ɓace.